Hankakan da Na Ƙara wa Zanen Iya Borghild

Ban gama makaranta ba, amma a ƙauyenmu na Norway ba a taɓa yin ɗalibi mai tsokana kamata ba. Ku tambayi kowa.

A ajinmu akwai wani tsohon zane. Yaro ne shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara, tsaye kusa da damin hatsi da aka ɗaure a kan sanda. Haka muke yi wa tsuntsaye duk lokacin Kirsimeti.

Malama Gunvor ta tambaye mu, "Me kuka gani a nan?"

Na ce, "Yaron ba shi da aboki. Ko tsuntsaye sun guje shi!"

Aka kwashe da dariya. Da aka fita tara, na ɗauki gawayi daga murhu, na zana masa ƙaton hankaka a ka.

Malama ta dawo. Ba ta ko tambayi wanda ya yi ba.

"Kai, sarkin surutu! Ba ka zuwa tseren zamiya kan ƙanƙara ranar Juma'a sai Iya Borghild ta yafe maka. Ita ta zana shi."

Ni da nake cin tseren duk shekara! Na rungumi zanen, na tafi gidan tsohuwar.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ƙanena ne. Ya rasu tuntuni."

Kunya ta kama ni. "Iya, ki yi haƙuri. Na ga shi kaɗai ne."

"Jira yake yi, ɗan nan. Tsuntsu ba ya sauka sai an yi shiru. Fita ka tsaya gun damin hatsina. In suka zo, na yafe."

Na tsaya. Hancina ya daskare. Sau biyu na yi magana, sau biyu tsuntsayen suka gudu.

"Rufe bakin nan mana!" in ji Iya daga taga.

Na rufe. Can sai ɗaya ya sauka, mai jan ƙirji. Sai uku. Sai damin ya cika. Ban ji kaɗaici ba ko kaɗan.

Iya ta goge hankakana da lallausan cikin burodi, ta ba ni madara mai zafi. Ranar Juma'a na yi zamiya, na kuma ci tseren, kamar kullum.

Har yau ina kewar wannan shirun. Yara, kada ku yi wa abu ba'a kafin ku tambayi labarinsa.