Sha Biyu da Kwatan Alhaji Barmo

Ku rage fitilar nan. Ke Ladidi, matso kusa, ki daina cin farce. Labarin Alhaji Barmo zan ba ku, mai gidan nan da ke kulle a bayan masallaci.

Barmo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya bar aiki ya rasa abin yi, sai ya kama tara tsofaffin agogo. Na bango masu lilo, na aljihu masu sarƙa, har da wani mai tsuntsun katako da ke leƙowa yana kuka. Talatin da ɗaya, da idona na ƙirga. Duk wannan tarkace, amma bai taɓa samun sahun farko ba. Ban taɓa ganin fanko irinsa ba, Allah ya gafarta masa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rainin da yake yi wa Malam Ɗanjuma ladan. Malam ba ya ɗaura agogo. Cikin rana yake fita ya auna inuwarsa da taki, yadda kakanni suka yi kafin Bature ya kawo ƙarfensa. In ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, rana ta karkata ke nan, sai ya kira azahar. Barmo kuwa ya zaro agogon aljihu yana yaƙe haƙora.

"Malam, har yau da ƙafa ake duba lokaci?"

Wata rana ya ji labarin wani agogon bango a tsohuwar tashar Kwarin Tsamiya, inda jirgi ya daina tsayawa tun ba a haife ku ba. Aka ce har yanzu yana tafiya, alhali ba mai murɗa shi. Mai hankali da jin haka ya san da walakin. Shi yawunsa ne ya tsinke.

Malam Ɗanjuma ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Alhaji, in dole sai ka je, kada rana ta tsaya kana wurin. Wanda ta tsaya a kansa a tashar nan, inuwarsa ba ta biyo shi gida. Kuma mutum ba ya kwana arba'in bayan inuwarsa."

"Rana tsaka ai sha biyu ne. Sai in bari ta wuce."

Malam ya buɗe baki zai ƙara magana. Barmo ya riga ya juya.

Tsoro fa ya ji, baki ne kawai. Ya bi layin dogo shi kaɗai, ya zauna nesa da tashar a gindin wata marke, agogo a tafin hannu. Sha biyu ta cika. Ya ƙara kwata don kariya, sannan ya miƙe yana jin shi ne gwani.

To, a ƙasar nan rana ba ta tsayawa da sha biyun agogo, sai wajen da rabi. Duk tsohuwar da ke shanya tsaba ta san haka. Mai agogo talatin da ɗaya bai sani ba.

Tashar shiru. Ko kurciya babu. Sai tik, tik, daga cikin ofis. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune kan benci, cikin koɗaɗɗen kaki irin na ma'aikatan da.

Barmo ya yi sallama. Tsohon ya motsa baki, ya rufe. Sai daga baya muryar ta iso.

"Agogo ka zo ɗauka?"

"Na wane ne?"

"Naka ne. Shiga ka sauke."

Da ni ce, takalmina ma ba zan tsaya ɗauka ba. Shi ya shiga, ya hau tebur, ya yi ta fama da kusoshi masu tsatsa. Ya rungumo agogon ya fito fili, cikin rana. Tsohon na tsaye a gabansa, bai ji takunsa ba.

"Ƙarfe nawa, Alhaji?"

"Sha biyu da rabi da 'yan mintoci. Rana tsaka ta wuce tuni."

"A agogonka. Dubi ƙasa."

Ya duba. Inuwarsa ta tattaru a gindin ƙafarsa, ba ta fi faifai ba. Tsohon ya miƙo ƙafa ya take ta. Diddige ne a gaba, yatsu a baya.

"Sauka lafiya," in ji muryar. Bakin ya daɗe da rufewa.

Barmo ya zura da gudu. Da ya waiga, baƙin abu na nan kwance inda ya tsaya, tsohon ya sunkuya yana naɗe shi. Kun san ko agogon bai yar ba? Haka ya shigo gari da shi a ƙirji, la'asar sakaliya, kowa da inuwarsa doguwa, shi ƙasa fes a bayansa. Na gani. Ruwan da na ɗebo sai da ya zube.

Ya kulle kansa a ɗaki, yana zana kwanaki a bango da gawayi. Matarsa ta ce ba ya barci, zama yake yana kallon lilon agogon. Da aka ɓalle ƙofar, gawarsa aka samu, zane talatin da tara a bango, agogo duk suna tafiya daidai, ba wanda ya makara ko da minti.

Saboda haka duk wanda na ji ya bi layin dogon nan shi kaɗai, ko da rana ce ƙiri-ƙiri, ba ni ba zuwa nemansa. Ladidi, kashe fitilar.