Gilashin Iklima

Iklima na sako ƙafa waje daga ƙofar makaranta, gilashin da ke fuskarta ya fara aiki. Wani ɗan idon lantarki da bai wuce ƙwayar gero ba yana maƙale a gefensa, yana lura da fatar idonta. Da zarar ta fara tsukewa, sai ruwan da ke tsakanin gilasan ya rine, daga fari zuwa ruwan toka, in abin ya yi tsanani ya koma baƙi ƙirin. Sunan na'urar Mai-Inuwa, kuma Injiniya Saratu, mahaifiyar yarinyar, ita ta ƙera ta.

Madubawa gari ne da ya sa rana aiki. An lulluɓe benayensa da madubai masu juyawa, suna tara haske suna aikawa hasumiyar da ke ba jiragen ƙasa da famfunan ruwa wuta. Masu lafiyar ido ma sai sun kare da tafin hannu in rana ta take, balle Iklima. An haife ta fatar idanunta a sauke, sai ta ɗaga haɓa sama kafin ta ga mutum. Likitoci suka yi mata aiki suka ɗage fatar, ta samu gani, amma tun daga ranar idon bai ƙara rufuwa ruf ba, haske ya zame mata barkono. Ga gilashin magani da ba ta iya karatu sai da shi. In an ɗora mata baƙin gilashi a kansa ya zame, in an bar ta cikin duhu kullum likita ya ce ganin zai raunana.

Saratu ta sha kuka a ɓoye, don Iklima 'yar fari ce. Duk zurfin karatunta, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba: ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta janyo ta jiki a gaban mutane, ba ta zama ta ƙura mata ido. Da son ya rasa ta inda zai fita, sai ya bi ta hannu. Ta shige ɗakin bincike ta koya wa na'ura abin da ita ba ta iya yi, wato kallon fuskar 'yarta daga safe har yamma. Doka ɗaya ta ba ta: duk lokacin da ido ya tsuke ciwo ne, a kawo duhu.

Abu kuwa ya yi kyau. Kullum Mai-Inuwa na zana wa Saratu layi a waya mai nuna yawan tsukewar idon a yini, layin sai gangarowa yake, har ya kwanta. Hukumar lafiya ta garin ta gani, ta ce a ƙera wa duk yaran da ke da irin wannan larura. Kan Saratu ya ɗan kumbura, kuma wa zai ga laifinta?

Wata Juma'a da rana Inna Yalwa, mahaifiyar Saratu, ta zo yini. Tsohuwa ce mai son fura da son gardama, ta ce lallai sai ta gwada injin dama furar da surukinta ya sayo, kuma ba ta bukatar a nuna mata. Ta danna inda ba a dannawa, injin ya yi gurnani ya watso mata nono tun daga goshi har haɓa. Falo ya kaure da dariya, ita kanta Inna tana yi tana lashe leɓe. Saratu ta saci kallon 'yarta ta gefen ido, yadda ta saba, sai ta gan ta zaune ƙiƙam, ta cije baki, ta ware idanu iya warewa.

Inna ma ta gani. Ta ce, "Ke ƙawata, yaushe aka naɗa ki alƙali ban sani ba? Ko ɓera ne ya kwashe haƙoran kike ɓoyewa?" Ta miƙa hannu ta yi mata cakulkuli a haƙarƙari.

Dariyar ta kufce wa Iklima. Kumatunta suka tashi, idanunta suka tsuke, nan take gilashin ya yi baƙi ƙirin, a cikin falon da ko rana ba ta shigowa. Yarinyar ta katse dariyar. Ta miƙa hannuwa gaba tana lalube har hasken ya dawo mata.

Saratu ta zabura. Ba ta san lokacin da ta durƙusa a gaban yarinyar ba, a kan idon mahaifiyarta.

"Tun yaushe yake yi miki haka?"

"Tun ranar da kika sa mini, Umma. In na yi dariya sai kowa ya ɓace. Rannan ma a makaranta na faɗo daga matakala."

"To me ya hana ki gaya mini?"

Iklima ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. "Ai na ga in kin duba waya kina murna. Shi ne na koyi riƙewa." Ta ɗago da alamar alfahari. "Na iya sosai yanzu, Umma. Ko 'yan ajinmu duk suna yi, ni ba na yi."

Sai a lokacin Saratu ta gane layin nan da ta ɗauka ta kai wa hukuma. Idon mai ciwo da idon mai dariya tsukewa ɗaya suke yi, na'urar kuwa ido kawai aka ce ta kalla. Uwar da ta zauna ta dubi fuskar 'yarta ko na wuni ɗaya da ta san bambancin. Ita ta wakilta ƙarfe ya duba mata, ƙarfen ya yi abin da aka sa shi ba ragi. Ta ji tausayin yarinyar kamar ta haɗiye ta.

Ta kira ofishin hukuma ta ce a dakatar da ƙirar. Gyaran bai ba ta wuya ba. Kafin la'asar ta sauya dokar, ta sa na'urar ta riƙa auna hasken wuri, ta kuma dubi kumatu da baki kafin ta yanke hukunci.

Amma ba ta mayar wa Iklima gilashin ba tukuna. Ta saki labule, ta zaunar da ita a kan tabarma, ta tallabo fuskarta da hannu biyu tana kallo, irin kallon da ta hana kanta tun ranar suna. Inna ta matso kusa da su. Sai ta tsoma yatsa cikin sauran furar ta ɗiga wa kanta a hanci, ta murguɗa baki, ta karkace ido.

Leɓen Iklima ya fara rawa, kafaɗunta suka motsa. Sai idanun suka ware da kansu, haƙora suka datse, abin ya koma ciki.

Saratu ta ce a hankali, "Yi abinki, 'yata. Babu gilashi, babu duhu."

"Na sani, Umma," in ji Iklima. "Ina so in yi. Ita ce ta ƙi fitowa."

Dokar da ke cikin na'ura Saratu ta goge ta da yatsa ɗaya. Wadda ta shiga jikin yarinyar kuwa, duk Madubawa babu injin da ke kaiwa wurin. Wayarta ta shiga ƙara, hukuma na son jin ranar da za a ci gaba da aiki. Ta kife ta a ƙasa, ta gyara zama a gaban 'yarta, ta ce wa Inna ta sake ɗiga furar.