Mai a Jikin Magagari

Da hantsi aka kira Sufeto: an tsinci gawar wani tsoho mai yankan makulli a ɗakin aikinsa da ke bayan gidansa. Kafin ya iso, maƙwabta sun gama yanke hukunci a bakin ƙofa. Mutane ke nan, babu wanda ya gani amma kowa ya sani.

Ɗakin bai fi kicin girma ba. Tsohon na kwance gefen teburi da rauni a ƙeya. A bango akwai katako mai ramuka, an jera magagarai na goge ƙarfe, kowanne a raminsa, babu mai taɓa ɗan'uwansa. Ƙasa da su cizal-cizal ne na sassaƙa, an rufe bakin kowanne da guntun tiyo. Ƙarafan huda na tsaye a gwangwani. An yi kisa a ɗakin, amma ko allura ba ta goce daga mazauninta ba, kuma wannan tsabtar ce ta tayar wa Sufeto da hankali.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji wani dogon mutum. Dogo ake kiransa, makanike ne, mijin babbar 'yar marigayin. "Na biyo gaisuwa. Daga bakin ƙofa na hango shi, ko taka ɗakin ban yi ba."

"Wa ke aiki da shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Auta, ƙanwar matata. Ba na son in faɗa, wallahi, amma jiya kowa ya ji suna sa-in-sa."

A falo Sufeto ya tarar da matar marigayin, Inna, an zaunar da ita a ƙasa. Auta na rakuɓe jikin bango, babu mai kallonta.

"Kun yi faɗa da mahaifinki jiya?"

"A'a."

"Auta, ki ji tsoron Allah!" Inna ta fashe da kuka. "Da kunnena na ji kin ce sai kin raba shi da ɗakin nan ko yana so ko ba ya so!"

Auta ta ce: "Na faɗa. Idonsa ya yi rauni, kullum sai ya yanke hannu. Hutu nake so ya yi. Tsoro ne ya sa na ce a'a."

Saje, ɗan sandan da ya rako Sufeto, ya riga ya zaro ankwa. Shi dama haka yake, da ya ji ƙarya sai ya ɗauka an gama aiki. Sufeto ya harare shi, ya mayar. Amma ya san idan bai samo wani abu ba, yarinyar nan a bayan kantar 'yan sanda za ta kwana, a rana guda Inna ta rasa miji da 'ya.

Ya koma ɗakin shi kaɗai. A ƙarƙashin teburi ya hango guntun sabulu, an danna makulli a jikinsa har siffar ta fito sarai. Ya jefa shi a leda. Ya zaro magagari ɗaya, sai ya ji yatsunsa sun yi santsi. Ya zaro na biyu, na uku. Duk haka.

Ya sa aka kawo Auta. "Nuna min yadda kuke adana kaya idan kun tashi."

Ta miƙa hannu, ta ɗauki magagari, sai ta tsaya cak.

"Wa ya shafa wa wannan mai?"

"Ba a shafawa ne?"

"Cizal ake shafa wa, da ƙarfen huda, saboda tsatsa. Magagari idan ya sha mai sai ya riƙa zamewa, ya daina ci. Burushi muke sa masa, mu goga alli." Ta shinshina. "Kuma wannan baƙin mai ne. Namu fari ne, na keken ɗinki. Da Baba ya ga haka..."

Sufeto ya ɗauki wani tsohon magagari, ya tsoma a bokitin ruwa, ya fita tsakar gida inda Dogo ke karɓar gaisuwa.

"Kai da ka san ƙarfe, taimaka min. Ya faɗa ruwa, kada ya yi tsatsa."

"Ai wannan mai sauƙi ne, ranka ya daɗe."

Dogo ya zaro tsumma daga aljihu, baƙi ƙirin da man inji, ya mulke magagarin sama da ƙasa, ya miƙa yana murmushi.

"Haka ka yi wa sauran?"

Murmushin ya ɗauke.

"Ka ce ba ka taka ɗakin ba. To wa ya goge zanen yatsunsa da man inji?" Sufeto ya ɗaga ledar. "Wannan kuma makullin ina ne? Ko in aika Saje garejinku ya gwada?"

Gumi ya keto wa Dogo. Ya dubi ƙofa, ya ga Saje ya tare ta.

"Na ɗakin ajiyar maigidana ne," ya ce da ƙyar. "Na roƙi Baba ya yanka min, ya ƙi. Ya ce sai ya gaya wa matata irin mijin da take aure. Na riƙe shi, ya fizge, na ɗauki cizal na buga masa ƙotar. Wallahi ban yi nufin kisa ba! Na gwada yanka makullin da kaina, na kasa. Sai na goge duk abin da na taɓa."

"Ka kuma nuna Auta."

Saje ya danna masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Inna ta rarrafo ta kama ƙafar 'yarta. "Auta, ki yafe min. Da bakina na kusa kai ki."

Auta ta ɗago ta, ta rungume. Idonta na kan ƙofar da aka fita da Dogo.

"Inna, Yaya tana hanya. An gaya mata Baba ya rasu, shi ke nan abin da ta sani. Cikinmu wa zai gaya mata sauran?"