Langar Ammar

Ranar da Ikilima ta fara ganin Mushe Nassirou (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), tana zaune da tiren fanke a bakin lakol, wato makarantar boko ta Dungas, shi kuwa ya fito da yara fili da usur a wuya. Yara suka tuɓe takalma suka tara a gindin bishiyar bedi, wurin ƙanenta Ammar. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana goye, don haka aikinsa a lokacin wasa gadin takalma ne.

Sabon malamin ya tsaya a kansa. "Kai kuma wa ya naɗa ka mai gadi?"

"Gurgu ne, Mushe," in ji yara.

"To, yau langa za a yi. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya, a yi tsalle da ɗaya. Wanda aka ture ya faɗi, ya fita."

Masu ƙafa biyu suka yi ta tangaɗi. Ammar kuwa da ƙafa ɗaya ya saba zuwa rijiya da masallaci. Ya bi su ɗai-ɗai yana bangaja, har ya rage shi kaɗai a tsaye. Fili ya ɗauki ihu, "Ammar! Ammar!"

Ikilima ta rufe fuska da gyale.

"Baiwar Allah, na zo sayen fanke na tarar ana kuka," in ji Nassirou.

"Hayaƙi ne."

"Ba na ganin wuta."

Ta yi dariya da hawayenta. Tun daga ranar bai sake karyawa a gida ba. Ya sa mata suna 'Yar Gwaggo, don ba ta magana biyu ba ta ambaci gwaggon da ta rene su bayan rasuwar iyayensu ba. Wata rana ya turo mata saƙo:

"'Yar Gwaggo, yau na busa usur kafin lokaci, direktan lakol ya harare ni. Laifinki ne, na hango kin ajiye tire."

Ta amsa: "Allah ya shirye ka, Mushe. Gobe fankenka biyu kyauta."

Labarin Ammar ya zaga gari. Aka kai shi gasar makarantu a Magariya, ya dawo bisa kafaɗun yara. Masu kabu-kabu sai su tsaya su ɗauke shi ba ko sisi. Gwaggo ce kawai hankalinta bai kwanta ba. "Yaro ya shiga bakin mutane," ta ce. "Da yana zaune abinsa, wa ya san da shi?"

Da zafi ya tsananta, zazzaɓi ya kama Ammar, wuyansa ya sanƙare. An kai shi likita, amma kwana ya ƙare.

Nassirou ya zo gaisuwa. Gwaggo ta yi magana daga bayan zana, kowa yana ji. "Kai ka fitar da shi idon duniya har baki ya ci shi. Kada ka sake taka ƙofar gidan nan."

Ikilima ta san ciwo ne, ba baki ba. Ta ji abin da likita ya faɗa. Amma matar nan ce ta goya Ammar har ƙafafunsa suna jan ƙasa, da wane baki za ta musa mata? Da wani mai shago daga Maigatari ya aiko neman aurenta, ba ta ce e ko a'a ba.

Saƙon Nassirou ya shigo: "Kilima, na daina fitar da yara. Ko usur ba na iya ɗauka. Na nemi a canza mini gari. Ki yafe mini, ki roƙar mini Gwaggo."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Ƙarshe ta tura: "Ba ka yi komai ba. Amma ba ni da ƙarfi."

Gidansu katanga ɗaya ne da lakol. Da, in hantsi ya yi, ihun yara har cikin madafa. Yanzu tsit. Gwaggo takan tsaya da taɓarya a hannu tana saurare, sannan ta ci gaba da daka.

Wata safiya ta yafa mayafi. "Taso ki raka ni."

Suka iske Nassirou a aji. Ya fito ya durƙusa.

"Ɗan nan, me ya hana ka fitar da su?"

"Gwaggo, bayan abin da ya faru..."

"Na faɗa maka magana don ba ni da wanda zan faɗa wa. Allah ba a yi masa faɗa." "Ni na rene shi, amma ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi ba sai ta saman katangar nan. Da na ɓoye shi yadda nake so, da ya tafi ban ji ta ba. Ka fitar da 'ya'yan mutane su yi gudu. In ka gama, ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura auren Ikilima da Nassirou, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da za a fita da amarya, Gwaggo ta kama hannun Ikilima ta damƙa wa ƙanwar mahaifiyar ango.

"Ga ta nan, ita kaɗai ta rage mini. Allah ya ba su zaman lafiya. Allah ya ba su 'ya'ya, masu ƙafa biyu ko mai ɗaya, duk wanda ya zo a bar shi ya yi wasa."

Mata suka ce amin, suna share hawaye.