Tukunyar Baba Kadiri

Tukunya ce ta haɗa su. A 1993 Ƙasimu, wani ɗan boko, ya shiga maƙerar Baba Kadiri a unguwar Nima, inda ake narka alminiyam ana zuba tukwane, ya tarar da 'yarsa Fulera tana goge sababbi. Ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, tukunya kake kallo ko ni?"

"Wadda ta fi sheƙi, tauraruwa," in ji shi. Daga ranar sunan ya bi ta.

Amma Jamiu mai trotro, wato motar haya, wanda ya daɗe yana sonta, ya baza magana: ɗan bokon nan yana tara fitsarinsa a kwalabe yana aikawa Turai, don a ce tukwanen Nima guba ne.

Baba Kadiri ya fusata. "Mai son kashe sana'ata ba zai auri 'yata ba!"

Fulera ta yi kuka, ta yi fushi, amma ta je ta tambayi Ƙasimu. Da ta ji amsar, ta kawo shi gaban mahaifinta.

Ƙasimu ya durƙusa. "Baba, ka san yadda ake shafa wa rago fenti don a gane shi cikin garke? Haka akwai alminiyam mai alama, aisotop ake ce masa. Na sha ɗan kaɗan lokacin karatuna a Turai, injinsu kuma yana bin sawunsa a jinina da fitsarina."

"Kai ka sha? Da bakinka?"

"Da bakina. Kusan duka wucewa yake yi. Ɗan abin da ya shiga jini, ƙoda tana fitar da yawancinsa, ƙalilan ke zama a ƙashi. Sai dai mai ciwon ƙoda ya kiyaye, kuma kada abu mai tsami ya kwana a cikin tukunyar. Wannan ba zan ɓoye ba, ko da zan rasa Fulera."

Tsohon ya miƙa masa hannu.

"Kowa ya zagi tukunyata da baki," in ji shi. "Kai kaɗai ka tambaye ta da jikinka. Tashi, ɗana."

Ranar biki a unguwar Maamobi, ango ya raɗa wa amarya, "Tauraruwa, ke ce kika zauna a ƙashi." Ta rufe fuska tana dariya.

Baba Kadiri kuwa da kansa ya ɗauko ƙatuwar tukunyar da ya zuba musu, yana nuna ango wa kowa: "Surukina ne! Ɗan Nima ne! Allah Ya yi musu albarka."