Gadar da Ba Ta Yoyo

Gadar ruwan garinmu ba ta taɓa zubar da ɗigo ɗaya ba cikin shekara ɗari biyu da goma. Magana ce tabbatacciya, domin Mista Idwal Prosser, shugaban ƙungiyar kula da gadar, ya faɗe ta a rediyo har sau biyu. 'Yar gada ce ta dutse, ruwan tsohuwar hanyar jirage yana bi ta kanta, rafi yana wucewa ta ƙarƙashi.

A bakinta Nerys, 'yar Mista Prosser, take ɗaure jirginta tana sayar da shayi da burodin zabibi. Wata Talata, rana ta ƙwalle, sai ga wani dogon saurayi ya hauro daga ƙarƙashin gadar, kafaɗarsa sharkaf.

"Ruwa ake yi a ƙasa?" ta tambaye shi.

"A wuri ɗaya kawai. Shayi, don Allah. Sunana Gethin, ni ne injiniyan da aka turo duba gada."

"To sha da sauri, kafin babana ya ga rigarka."

Aikin kwana uku ne. Gethin ya yi mako shida yana aune-aune, yawanci daga kujerar da ke kallon tukunyar shayi. Ta raɗa masa suna Ɗigo. Shi kuma yana kiranta Sukarina. Ta ce sunan ya yi araha, amma ba ta hana ba.

Wata Juma'a saƙo ya shigo wayarta: "Sukarina, mu haɗu ƙarƙashin gada gobe da ƙarfe huɗu. Akwai abin da na daɗe ina son nuna miki. Kada Baba ya ji."

Ta je da sabuwar riga da takalmi mai tsini. Gethin ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ta ɗauka zoben neman aure zai ciro. Ya ciro tocila, ya haska wani tsagi a jikin dutse.

"Daga nan ya fi fitowa sosai. Ɗigo goma sha ɗaya a minti!"

Kwana tara ba ta ɗauki wayarsa ba. Har ta yarda Emrys, sakataren ƙungiya, wanda bai taɓa saɓa wa babanta ba ko a kan hasashen ruwan sama, ya kai ta cin abinci. Awa biyu yana ba ta tarihin gadar da take ji tun tana zanen goyo. Tana dawowa ta rubuta: "Ɗigo, kai sakarai ne. Ka zo, shayi na hucewa."

Amsa ta zo nan take: "Zoben yana aljihuna tun ranar, Sukarina. Tsagin ne ya ɗauke min hankali. Ina hanya."

Saura Mista Prosser. Ya karɓi Gethin a falo, bai ce ya zauna ba.

"Saurayi, ba ni da komai a kanka sai kalma ɗaya. Ka rubuta 'yoyo' a rahotonka. Ka goge, na ba ka 'yata. In ka ƙi, ku yi aurenku, amma ba hannuna zai rako ta cikin coci ba."

"Yallaɓai, in na goge ba za a gyara ba."

"Me za a gyara a abin da bai lalace ba?"

Nerys ita kaɗai ce 'yarsa, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa hango ranar aurenta ba sai tana riƙe da hannun tsohon nan mai taurin kai. Ta tsare Gethin a jirgi.

"Ku a sana'arku ba ku da wata kalma?"

Ya sosa kai. "Tsofaffin magina kan ce dutse yana hawaye."

"Masu gyara za su gane?"

"Kowane injiniya zai gane. Gyaran ɗaya ne."

Mista Prosser ya karanta sabon rahoton sau uku. "Hawaye," ya ce. "To, tsohuwa ce, ta ga abubuwa. Ni ban taɓa cewa ba ta kuka ba."

Aka sa aure a watan Yuni, gyara kuma sai bayansa, a watan Oktoba. Shi ya rako Nerys har gaban limamin coci, ƙirji a gaba.

Bayan an fito ya ce hoto sai a ƙarƙashin gada, inda aka ɗauki nasa da marigayiya matarsa. Mai hoto ya jera mutane, ya tsayar da ango daidai ƙasan tsagin. Tsohon ya ɗaga kai, ya sauke.

"Matsa kusa da matarka, ɗana. Nan wurina ne."

Ya dafa su biyun. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku."

Mai hoton ba mai gaggawa ba ne. Ruwa na sauka a sanƙon Mista Prosser, yana bin goshinsa zuwa kumatu, bai motsa ba, bai share ba. Ƙanwarsa ta leƙo fuskarsa.

"Idwal, kuka kake yi?"

"Eh," ya ce.