Injin da Na Cire wa Fanka

Ƙas-ƙas! Shiru. Sai kuma—ƙas-ƙas!

Ina kwance a ɗakina, wanda bango ɗaya ya raba shi da gareji, na ji ƙarar. Shekara hamsin ina cikin ƙarfe. Na san kukan sufana in ta faɗi a siminti, na san na jak in haƙoransa sun cinye. Wannan ban san ta ba. Ƙara ce mai tsafta, ta ƙarfe biyu da aka yanka daidai da juna. Mai hankali in ya ji baƙuwar ƙara a garejinsa da dare, sakata yake ƙarawa. Ni kuwa takalmi na zura, na ɗauki tocila, wai in ga wane gwani ne ya ƙera abin.

Na tura ƙofa. Mutum uku tsugune a bayan a-kori-kura, sun shimfiɗa buhu, a kan buhun bindiga biyu. Na farko Manaja ne, mai farar riga da turare, wanda ya kawo mini aikin motar. Na biyu wani siririn mutum mai jan ido da suke kira Ƙwaro. Na uku mijin 'yata, direban motar.

"Baba!" Surukina ya miƙe zumbur.

Abin da ya fara fita daga bakina, Allah Ya shirye ni, shi ne: "Au, wannan ce take ƙarar?"

Ƙwaro ya juyo da bakin bindiga. "Oga, tsoho ya ga harka. A kwantar da shi?"

"Don girman Allah, Oga," in ji surukina. "Uban matata ne. Ba ya gane komai sai inji."

Wannan magana ta yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Manaja ya dube ni yana murmushi. "Farfesa zai bi mu. In mota ta yi tari, ga likitanta. In shi ya yi tari, ga Ƙwaro."

"Akwai wata magana a kan fanka—" na fara.

"Tsoho, ka ƙara buɗe baki, ni zan rufe maka shi."

Na rufe da kaina.

Farfesa sunan tsokana ne. Makanikai 'yan'uwana suka laƙaba mini, don na bar makaranta a aji huɗu amma ina yawo da littafin zane. Shekara talatin ina zana inji guda a ciki, ƙaramin inji mai zuciyar babba. Duk wanda na nuna wa sai ya ce, "Farfesa, canza mini filogi kawai." Sai ga Manaja wata ɗaya da ya wuce. Ya ce ya sami kwangilar kai magani asibitocin nesa, doguwar hanya, ba tsayawa. Ya nuna tsohuwar a-kori-kurar surukina, wadda in ta zo hawan tudu sai ka ji kamar ka sauka ka ba ta haƙuri. Ya ce, "Ina so ta bar kowace mota a baya. Duk abin da kake so, a saya." Ban tambaye shi wane irin magani ne yake gudun kowace mota ba. Littafina kawai na buɗe.

Na sauke injin. Na sa aka faɗaɗa ramukan fistin, na zuba manya. Na kankare kan injin har sai da matsi ya ƙaru. Kafireta ɗaya ta zama biyu. Na yar da salansa na ɗaura bututu mai faɗi. Daga ƙarshe na tsaya ina kallon fanka. Fanka tana cin ƙarfi, na daɗe da sanin haka. Motar da ba ta tsayawa, iskar hanya ta isa ta sanyaya mata lagireto. Na kwance ta na rataye a ƙusa, ina jin kaina kamar wanda ya gano wata sabuwar ƙasa. Kik ɗin tayar da mota kuwa ya mutu tun bara, ban taɓa shi ba. Gyaran kik aikin kowa ne, ba ya cikin littafina.

Wato na haɗa wa 'yan fashi motar da in ta tsaya a kunne za ta dahu, in aka kashe ta kuma sai an tura.

Na kwana zaune a kan taya. Ta ƙaramar taga ina hango ƙofar ɗakin 'yata, tana barci da yaranta biyu, a saninta mijinta magani zai kai. Abu ɗaya na ƙudura: in dawo wa yarinyar nan da mijinta yana numfashi.

Da gari ya waye, Manaja da Ƙwaro suka tura mota da farar riga da komai. Surukina ya saki kuloci—injin ya yi gurnani. Ƙwaro ya ja da baya. "Kai! Wannan mota ce ko jirgi?"

Na ji daɗi. Ban ɓoye muku ba.

Inda suka nufa wani babban shagon sarin wayoyi ne a bakin titi, ba a daɗe da buɗewa ba. Muka tsaya a gefensa, daf da bango, inda ko ganye ba ya motsi.

"Minti biyar," in ji Manaja. "Direba, kar ka kashe mota. Ka kashe ta, na kashe ka. Ka gane?"

Suka shige. Aka bar ni da surukina a gaba.

Abin da ya faru a ciki, a kotu na ji shi daga bakin mai karɓar kuɗi, wata baiwar Allah mai tabarau.

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Ma'aikata shida suka zube. Maigadi, dattijo sa'ana, ya ɗaga sandarsa—Ƙwaro ya harbe shi a cinya. Manaja ya tsaya a kan mai tabarau.

"Makullin akwatin ƙarfe!"

"Yana gun mai shago."

"Ina mai shagon?"

"Bai iso ba. Ya bugo ya ce babur ɗinsa ya yi faci."

"Za mu jira shi," in ji Manaja.

A waje, allurar zafi ta bar tsakiya.

"Ɗana," na ce, "ka ga allurar nan?"

"Baba, don Allah ba yanzu ba."

"Babu fanka a motar nan."

Ya juyo a hankali. "Ina take?"

"Tana gida, a ƙusa."

"Baba! Me ya sa?"

"Tana cin ƙarfi."

Ya dafe kai da hannu biyu. "To in kashe?"

"Wa zai tura?"

Ya yi salati. Ni ma na yi. Minti goma. Allura ta taɓa ja. Bonet ya fara wari irin na tukunyar da aka manta a wuta.

"Ka ja mu tafi," na ce. "Ka bar su. Mu je gun hukuma da ƙafarmu."

"Sun san gidanmu, Baba. Sun san makarantar yara."

"Me ya kai ka?"

"Cewa suka yi tuƙi kawai."

"Ni ma cewa suka yi inji kawai."

A daidai lokacin, wata mata mai shagon ɗinki a tsallaken titi da ta ji harbi ta riga ta buga wa 'yan sanda waya. Sajensu, wanda daga baya na sha zama a gabansa, ya ce suna cin abinci kiran ya shigo. Mutum biyar suka haye mota, ɗaya da cokali a hannu.

Minti ashirin. Mai shago ya iso yana jan babur, ya shiga da sallama. Bayan ɗan lokaci Manaja ya fito a guje da jaka, Ƙwaro da kwali biyu. Jiniya daga ƙarshen titi!

"A ware! Taka ta!"

Surukina ya taka.

Jama'a, ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da jin kunya ba. Motar ta zabura, bayana ya manne da kujera. Giya biyu—giya uku—kafireta ta biyu ta buɗe, na ji ta da kunnena, daidai inda na zana a shafi na tara! Turakun lantarki suka zama kamar haƙoran mashaci. Motar 'yan sanda ta koma kamar ƙuda a madubi. Ƙwaro a baya yana ihu, "Farfesa! Kai ne uban makanikai!"

Ni kuma, mai furfura, da mutum kwance cikin jini can a shagon da muka baro, na ji bakina yana cewa, "Sa mata huɗu! Sa huɗu ka ji!"

Surukina ya dube ni. Wannan kallon har yanzu yana bina masallaci.

Saje ya ce a nan ya cire rai. Ya ce wa direbansa, "Wannan ba a-kori-kura ba ce, aljani ne." Amma ba su tsaya ba.

Minti huɗu injina ya yi yana nuna kansa a duniya. Da iskar hanya ta same shi da wuri, da ya rayu. Amma ya riga ya dahu a gindin bango. Muna hawan gada—fuuu! Tururi ya turnuƙe gilashi. Wani abu ya buga a cikin injin sau uku, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Shiru. Motar ta gangara ta tsaya.

"Tayar!" Manaja ya daka tsawa.

"Sai an tura," in ji surukina.

"Ko an tura," na ce, "ya rasu."

Jiniya tana matsowa. Manaja ya dira, ya tare wani mai babur, ya hankaɗe shi ƙasa, ya haye da jaka. Ƙwaro ya yar da kwalaye ya biyo shi.

"Oga, ni fa? Oga, matsa!"

"Babur na mutum ɗaya ne."

Ƙwaro ya riƙe masa riga. Manaja bai ko waiwaya sosai ba—tau! Ƙwaro ya zauna a kan kwalta, yana kallon cikinsa da mamaki. Babur ya ɓace.

Surukina ya buɗe ƙofa. Na ga idonsa a kan ciyawar ƙasan gada. Na san abin da ake yi wa mai gudu da baya a buɗe. Na cafke bel ɗin wandonsa.

"Baba, sake ni!"

"Ba inda za ka."

"Za su kama ni!"

"Su kama."

Ya fizga. Ƙarfinsa ya fi nawa sau uku, amma hannun da ya shekara hamsin yana kwance notin da ya yi tsatsa ba ya sakin abu don an fizga. Muka faɗo ta ƙofa tare, na kife a kansa da duk nauyina. Harsashi biyu suka fasa gilashin da ke samanmu.

"Kar ku harba!" na yi ihu. "Ga mu a ƙasa! Yana da 'ya'ya!"

Takalma suka zagaye mu.

Ko da ankwa a hannunsa, yaron nan ya yi ƙoƙarin fitar da ni. "Yallaɓai, tsohon nan ba ruwansa. A hanya muka tsince shi, muka tilasta shi. Bai san komai ba."

Saje ya gyaɗa kai. Ya ce wa wani kurtu a ba ni ruwa a sa ni a mota zuwa gida. Daga nan ya zaga ya ɗaga bonet da tsumma. Tururi ya washe. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa kafireta ɗaya, ya taɓa ta biyu, ya yi fito.

"Tabɗi. Ni ɗan makanike ne, ban taɓa ganin irin wannan ba. Wane gwani ne ya haɗa injin nan?"

Shekara talatin ina jiran wani ya yi wannan tambaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Surukina ya buga goshinsa a kwalta.

Wata bakwai na yi a tsare kafin alƙali ya gamsu cewa wauta ce ta kai ni, ba mugunta ba. Littafina ma an gabatar da shi a matsayin shaida, lauya ya karanta rubutuna a fili, kotu ta yi dariya. Ƙwaro bai kai asibiti ba. Manaja ya yi kwana uku a ɓoye, aka same shi a wani ɗakin haya, ya ƙi fitowa da ƙafarsa, aka fito da shi a ɗauke. Maigadi ya rayu, amma an yanke ƙafar. Na je gaishe shi sau ɗaya, ya karɓe ni da mutunci, na fito ina fata da zagina ya yi. Surukina aka yanke masa shekara goma sha huɗu. Yana numfashi. Duk wata 'yata tana kai masa yara ya gan su ta bayan ragar ƙarfe.

Ba ta taɓa cewa na gode ba, ba ta kuma taɓa cewa kai ka jawo ba. Tana kawo mini abinci, ta ajiye, ta ce, "Baba, ga shi."

Ranar da na cika sati da dawowa, muna tsakar gida da la'asar. Ita tana wanki, ni ina gyara wa ƙaramin jikana takalmi. Maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya shigo yi mini barka. Ya zauna, aka gaisa, aka taɓa hirar duniya. Har ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Farfesa, tsakaninka da Allah," ya ce. "Da tun ranar farko mutumin nan ya gaya maka abin da za su yi da motar, ya kuma ce duk abin da kake so a saya—da ka ƙi haɗa injin?"

Hannun 'yata ya tsaya a cikin kumfa. Ba ta ɗago ba.